Cibiyar Ƙarin Darasi a Flushing: Abin da Na Gani Cikin Wata Takwas

Wata takwas ke nan ina kai ɗana wata cibiyar ƙarin darasi a unguwar Flushing ta birnin New York, kusa da tashar ƙarshe ta jirgin ƙasa mai lamba 7. Wani ɗan asalin Koriya ne da matarsa suke tafiyar da ita, kuma aikinta shi ne shirya yara domin jarrabawar SHSAT, wadda ita kaɗai ce ƙofar shiga fitattun makarantun sakandare takwas na gwamnatin birnin, irin su Stuyvesant da Bronx Science.

Koyarwarsu tana da tsari. Kowace Asabar yaro yana zama jarrabawar gwaji ta Turanci da lissafi, tsawon awa uku kamar ta gaske, sannan malami ya bi tambayoyin da ya faɗi ɗaya bayan ɗaya har sai ya gane inda ya kauce.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne iyayen da nake zaman jira tare da su, waɗanda galibinsu 'yan asalin Asiya ne. Na zo da tunanin cewa duka likitoci ne da injiniyoyi, domin tun bayan dokar shige da fice ta 1965 Amurka ta karɓi masu ilimi da yawa daga Asiya, har ya zama fiye da rabin baligan da suka fito daga nahiyar suna da digiri. Sai na tarar da masu girki a gidajen abinci, da direbobin tasi 'yan Bangladesh, da matan da ke gyaran farce, waɗanda wasunsu ba su gama sakandare ba. Masu ilimin cikinsu ne suka san hanya, suka buɗe irin wannan wuri, suna sanar da ranakun rajista da harshen da uwa za ta fahimta, ta haka ɗan mai wanke kwanuka yake samun abin da ɗan likita yake samu a gida.

Akwai abin da ban ji daɗinsa ba. Kuɗin makarantar yana da nauyi ga mai ƙaramin ƙarfi, kuma suna liƙa sakamako a bango da sunan kowane yaro. Na ga yarinyar da ta fita tana share hawaye saboda sunanta yana can ƙasa. Na yi wa shugabar wurin magana, ta saurare ni da mutunci, amma takardar tana nan a bango har yau. Duk da haka na sake yi wa ɗana rajista, domin lissafinsa ya miƙe, kuma yanzu shi yake tashe ni da safiyar Asabar.