Faustus na Marlowe da Faust na Goethe: Wanne Ya Shiga Wuta?

Ɗan'uwa, ka ce ka ji wani yana cewa shaiɗanu ne suka ja Faust zuwa wuta, wani kuma ya rantse mala'iku ne suka ɗauke shi, kana so ka san wa ya yi kuskure. Duka biyun sun yi daidai. Wasanni biyu suke nufi, da tazarar shekara ɗari biyu da ɗoriya a tsakaninsu. Asalin labarin na Jamus ne, an buga shi a wani ɗan littafi a Frankfurt a 1587. Christopher Marlowe, ɗan wani mai ɗinkin takalma a Canterbury ta Ingila, ya mai da shi wasan kwaikwayo kafin a daɓa masa wuƙa a 1593, yana da shekara 29. Shi kuwa Goethe Bajamushe ne, ya fitar da kashi na farko na nasa a 1808, na biyu sai a 1832, shekarar da ya rasu.

Inda suka raba hanya shi ne yarjejeniyar da aka ƙulla da shaiɗan. A wajen Marlowe ciniki ne mai wa'adi. Faustus, babban malami a Wittenberg ta Jamus, ya ƙure likitanci da shari'a da ilimin addini, ya raina su duka, sai ya sayar da ransa a kan shekara 24 na duk abin da yake so. Da ya tsaga hannu zai rubuta takardar da jininsa, jinin ya daskare, ya ƙi zuba. Mefistofilis, shaiɗanin da ya zo ƙulla cinikin, ya yi maza ya kawo garwashi aka narkar da shi. A wajen Goethe kuwa caca ce, ba a yanke rana ba: duk sa'ad da Faust ya ji daɗin wani lokaci har ya roƙe shi ya tsaya, shaiɗan ya ci.

To, me Faustus ya yi da shekarun nan? Nan ne abin takaicin, kuma nan na fi jinjina wa Marlowe. Mutumin da ya yi burin mulkin duniya ya ƙare da kai wa Fafaroma mari a ɓoye ana cikin liyafa, da dasa wa wani jarumi ƙaho a ka, da cutar dillalin dawaki da dokin da ya koma ɗaurin ciyawa da ya shiga ruwa, da nemo wa matar wani basarake inabi a tsakiyar hunturu. Ilimin da ya sayar da rai dominsa ma bai samu ba. Ya tambayi wa ya halicci duniya, Mefistofilis ya ƙi faɗa. Ɓarnar Faust na Goethe ta fi wannan muni nesa ba kusa ba. Ta dalilinsa Gretchen, budurwar da ya yaudara, ta rasa uwa da ɗan'uwanta, ta nutsar da jaririnta, ta ƙare a kurkuku. Amma fa shi aka ceta, ba Faustus ba. Yana da shekara ɗari, makaho, ya ji ƙarar shebur ya ɗauka aikinsa na ƙwato ƙasa daga teku ake yi, ashe kabarinsa ake haƙa. Mala'iku suka ƙwace ransa, wai don bai taɓa daina fafutuka ba. Ni dai wannan ceto bai taɓa kwanta mini ba.

Faustus kuwa ƙofar tuba a buɗe take gare shi har daren ƙarshe. Mala'ikan alheri ya yi ta kiransa, wani dattijo ya roƙe shi, shi ne ya yanke ƙauna daga rahama, ya ce zunubinsa ya wuce gafara. Agogo ya buga sha ɗaya, yana shi kaɗai a ɗaki. Ya roƙi taurari su tsaya cak, ya roƙi duwatsu su rufto masa, ya nemi ko shekara dubu ɗari ce a wuta a yanka masa, in dai akwai ranar fita. Da sha biyu ta buga, ya yi alkawarin ƙona littattafansa, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Ka fara da Marlowe, zama ɗaya ko biyu ka gama. Sai dai ka duba wane bugu ne a hannunka, na 1604 ko na 1616 wanda ya fi tsawo da barkwanci. A na biyun ne ɗalibai suke shiga ɗakin da safe su tarar da gaɓoɓinsa a warwatse.