Yaya, ga amsar maganar keken nan

Yaya, gaisuwa mai yawa. Ya Inna da ciwon gwiwar nan, ya aikin fadama? Saƙonka ya iso tun ranar Talata, inda kake cewa kuɗin kabu-kabun kai yara makaranta da ɗauko su ya fara cin aljihu, in duba maka keke mai ƙwari in sa a jirgi tunda an ce ƙasar kekuna nake. Na ɗauki waya zan yi maka saƙon murya, sai na ga maganar ba ta minti biyu ba ce. Keken dai ba zan aiko ba, kuma ba rowa ba ce. Ka daure ka karanta har ƙarshe kafin ka kai ƙarata wurin Inna.

Wanda ya ce maka ƙasar kekuna ce bai yi ƙarya ba. Mutanen Holan wajen miliyan 18 ne, kekunansu kuwa sun haura miliyan 22. Makon farko da na zo garin Wageningen ina tsaye a ƙofar sashenmu na jami'a ana yayyafi, sai ga wani dattijo a kan wani tsohon baƙin keke duk tsatsa, ya sauka ya ɗaura wa sirdin leda. Na ɗauka masinja ne. Ashe shi ne farfesan da zai duba aikina. Mark Rutte ma, da ya yi firaminista tun 2010, ranar da ya miƙa mulki a watan Yulin 2024 a kan keke ya bar ofis. Ka san mu a Argungu, mutum ya ajiye mashin ya koma keke, kafin la'asar an gama yi masa jaje a majalisa.

Amma su ma ba da haka suka tashi ba. Motoci sun taɓa cinye musu tituna. A 1971 mutum wajen 3,300 suka mutu a haɗarin hanya, sama da 400 daga ciki yara ne. Iyaye suka fito zanga-zanga da taken Stop de Kindermoord, wato a daina kisan yara. Sai kuma a 1973 ƙasashen Larabawa suka hana su mai, har gwamnati ta riƙa hana motoci fita ranar Lahadi. Daga nan aka ƙara himma wajen ware wa keke hanyarsa. Yanzu suna da sama da kilomita 35,000 na irin wannan hanya, yawanci da jar kwalta, da dakali ko ciyawa tsakaninta da ta mota, da fitilar ba da hannu tata daban. Da na karanta wannan sai na tuna 29 ga Mayun 2023, da aka cire mana tallafin mai. Mu ma mun kakkaɓo kekuna daga zaure, sai dai kan titi ɗaya muke da tirelolin shinkafa da albasa.

To ga nau'in kekunan. Wanda kowa ke hawa suna ce masa omafiets, keken kaka. Idan ka gan shi za ka rantse ƙanen Raleigh ɗin Baba ne: baƙi, mai nauyi, kana zaune a miƙe kamar liman a kan buzu. Bambancinsa, ba shi da sandar tsakiya, an rufe sarƙarsa ruf cikin gida, kuma da yawa ba su da birkin hannu, feda kake murzawa baya ya tsaya. Ranar farko na nemi birki a hannu na rasa, shingen wani gida ne ya tsayar da ni. Gwanjonsa na saya Yuro 120. Sabon Gazelle ko Batavus, manyan kamfanoninsu kenan, mai giya bakwai, sai ka tanadi ɗaruruwan Yuro, wani har ya doshi dubu. Ka buga da canjin yau ka ga. Akwai na batir, wanda ke taya ka tuƙi har gudun kilomita 25 a awa, tsofaffi sun fi son shi. Akwai kuma na tsere mai taya siririya kamar tsinken tsire, wanda magidanta ke hawa ranar Lahadi cikin wasu matsattsun kaya da ni dai ko da kuɗi ba zan sa ba.

Cikin waɗannan duka babu wanda zai yi maka wata shida lafiya. Siririyar taya, tsidau ɗaya ya gama da ita, a rairayi kuwa nutsewa take. Masu giyar nan, giyar a cikin cibiyar tayar baya take a rufe, ranar da ta lalace babu mai gyaran da zai buɗe ta a Argungu, in ya buɗe ma babu kayanta. Na batir ba sai na yi maka bayanin wuta ba. Kuɗin jirgi da na kwastan kaɗai sun saya maka Phoenix ko Hero sabo, wanda kowane mai gyara ya san cikinsa kamar yunwar cikinsa. Abin dariya, mu a gida duk gwanjo mai kyau Beljiyam muke ce masa. Ga ni nan maƙwabcin Beljiyam ɗin, kuma shawarata ka saya a kasuwar Birnin Kebbi ko Jega.

Abin da ya kamata mu ɗauka a wurin mutanen nan shi ne yadda suke goyon yara. Ka tuna tabon da ke dugadugina na hagu? Ina shekara biyar Kawu ya goya ni a kariya za mu kallon kamun kifi a Matan Fada. Abin da ya ce kawai shi ne, “Ware ƙahwahunka, ka riƙe ni da kyawo.” Na ware har na gaji, hankalina ya tafi kan masu ganga, ƙafa ta faɗa cikin wayoyin taya. Fata ta saluɓe har ana ganin fari. Da aka kai ni gida, kafin a nemo magani sai da Inna ta fara tambayata, “Mi yak kai ka?” Kai ma kana da irinsa, kuma idan ka tara yaran unguwarmu ka duba dugadugansu za ka sha mamaki. Mun ɗauke shi kamar kaciya, abin da kowane yaro sai ya bi ta kansa.

A nan doka ce: yaron da bai kai shekara 8 ba, ba a goya shi sai a mazaunin da ke tallafe masa baya, da wurin riƙewa, da wurin ajiye ƙafa. Kujerun iri biyu ne. Ta gaba ana ɗaura ta a wuyan keke, tsakanin hannuwan mai tuƙi, ta jariri ce daga lokacin da ya iya zama da kansa, kamar wata tara, har ya kai kilo 15. Wasu na sa mata gilashin roba a gaba saboda iska. Ta baya tana hawa kan kariya, tana ɗaukar yaro har kilo 22, wato kusan shekara shida. Kowacce na da ɗamara da ke bi ta kafaɗu ta kulle tsakanin cinyoyi, da makullin da ɗan yatsan yaro ba ya iya buɗewa. Ƙafa kuma tana da ɗan akwatinta, da maɗauri, da bangon roba tsakaninta da taya. Bobike da Yepp su ne sunayen da za ka fi gani. Sannan akwai wata roba mai kamar rabin faifai da ake rufe saman tayar baya da ita hagu da dama. Asali don kada doguwar riga ta shiga taya aka yi ta, amma ita ce ke ceton ƙafar yara. Kuɗinta bai kai na cin abincin rana ɗaya a nan ba. Da na fara ganinta sai da na shafa dugadugina.

Wani abu da ba a lura da shi sai an sha wuya shi ne matokari. Mai ƙafa ɗaya, kana ɗora yaro keken zai kife da shi. Nasu na masu goyo ƙafa biyu gare shi, yana ɗaga keken ya tsaya cak. Duk da haka ba a barin yaro a kai a juya baya. Na taɓa yi, na shiga ɗauko makulli, wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta tsaya ta riƙe keken har na fito, ta wanke ni tas da harshen da rabinsa kawai na gane.

Sai kuma bakfiets, keke mai akwatin katako ko roba a gaba, kamar an haɗa keke da baro. Yara biyu, uku, har huɗu suna zama a benci da ɗamara, idan ana ruwa a ja musu rumfar leda. Da safe ƙofar makarantar babban namu cika take da su, uwa ta sauke yara ta zuba cefane a gurbinsu. Na yi sha'awarsa ƙwarai har na je shago. Mai batir, irin Urban Arrow, Yuro dubu biyar ne zuwa sama, kuɗin mota sosai. Na yi godiya na fito. Kuma tsada ba ta hana matsala ba: a farkon 2024 hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasar ta dakatar da sayar da na kamfanin Babboe saboda ƙarfen jikin wasu yana karyewa, aka janye dubbai daga hannun mutane. Na faɗi wannan ne don na san halinka, kana ganin hoto za ka nufi wurin mai walda. Idan nasu da injiniyoyi ya karye, ka yi tunanin na bakin kasuwa da yara uku a ciki.

Hular kwano kuwa, yawancinsu ba sa sawa, doka ba ta tilasta wa mai keke ba. Hujjarsu hanyar ce kariyarsu. Nawa yaran dai suna sawa, naka kuma sun fi nawa buƙata.

Maman yara ta ce in gaya wa matarka ta koyi keke. Wasu mata 'yan sa-kai ke koyarwa a zauren unguwa, ajinsu da 'yan Maroko da Somaliya da Siriya, kowa da hijabinta. Wata biyu tana faɗuwa a filin ajiye motoci, yanzu ita ke kai ƙaramar gidan reno. Keken kakan nan kamar don abaya aka yi shi, babu sandar ɗaga ƙafa, babu sarƙar da za ta kama gefen zane. Kada dai a gaya wa Inna tukuna.

Inda muka fi su nesa ba kusa ba shi ne gyara. Tayata ta taɓa sacewa, na tura keken zuwa wani shago. Saurayin ya duba kwamfuta ya ce in dawo ranar Alhamis, ranar kuwa Litinin ce. Ba su cika yin faci ba, sabon tib suke sawa, na biya sama da Yuro 20. Ina tafe ina tuna mai facin gindin dogon yaro na bakin tasha, da kwanon ruwansa da ya koma baƙi, yana nutsa tib yana neman kumfa, ya goge wurin da guntun fayil, ya shafa gam ya hura masa iska da baki, minti goma ka hau, in babu canji ya ce ka kawo gobe. Ranar na sayi kayan faci. Yanzu ni ne mai facin gidanmu, har ɗaliban Gana da Indonesiya na ƙwanƙwasa mini ƙofa. Sata ma akwai ta, kada ka ɗauka aljanna ce. Kekena na farko a tashar jirgin ƙasa aka ɗauke shi. Tun daga nan makulli biyu nake sawa, na zoben tayar baya da sarƙa mai kauri da nake ɗaurewa a jikin ƙarfe. A Utrecht, ƙarƙashin tashar jirgi, akwai wurin ajiye keke 12,500 hawa uku. Na taɓa yin rabin awa ina neman nawa a ciki.

Ranar Lahadi idan rana ta fito muna fita yawo, abin da Inna za ta kira gantali da wahalar da kai. Sun sa wa mahaɗun hanyoyi lambobi a ƙananan alluna, sai ka rubuta jerin lambobin da za ka bi a takarda ka manna a kan keke, ba ka ɓata. Mukan gangara bakin kogin Rhine mu shiga jirgin fito na Lexkesveer da kekunanmu, mu tsallaka yankin Betuwe, mu bi saman ganuwar da ta tare ruwa, gonakin tuffa da ceri a ƙasa. Ƙasar shimfiɗe take kamar fadamarmu, wahalarta iska ce, idan ta tunkaro ka da yaro a baya sai ka ji kamar kana jan buhun shinkafa. Ƙaramar ba ta kai rabin hanya take barci, kanta ya langaɓe, ɗamara ta riƙe ta. A kariyar Kawu da tuni tana ƙasa. Duk sanda muka hau ganuwar nan sai in tuna hanyoyin cikin fadama lokacin hunturu, bayan an yanke shinkafa, babu mota babu hayaniya. Ka gwada fita da su can wata Juma'a da yamma.

Ga abin da zan aiko ta hannun wani ɗan Zuru da zai taho ƙarshen wata: kujerar baya ɗaya, robar rufe taya saiti biyu, matokari mai ƙafa biyu, da hular kwano biyu. Babban naka ya wuce kujera, a yi masa matashi a kariya da wurin taka ƙafa, kuma ka bi da su ta cikin unguwa, ban da babban titi. Kujerar roba ce, kada a bar ta a rana, za ta ƙone yaro kuma ta tsage. Idan ka sayi keken ka auna mini faɗin kariyar da tef, ka ɗauki hoton lambar da ke jikin taya ka turo kafin ranar 20, don kada in sayo abin da ba zai hau ba. A gaida Inna, a ce mata man zafin nata yana cikin kayan.