Baƙin keke ko mai giya: wanne ya dace da bakin kogin Wudil zuwa Ringim?

Ƙanena, na ga tambayarka tun jiya, sai yanzu na samu zama. Ka ce an tura ka koyarwa wani ƙauye ta wajen Ringim, gida kuma yana Wudil, kana so ka riƙa bin gefen kogi a keke duk ƙarshen mako, kuɗin hannunka kuwa ɗaya kawai za su saya: ko sabon baƙin keke irin Phoenix, ko mai giya ɗan Kwatano. Na hau duka biyun a wannan yanki, ga abin da na gani.

Ka fara sanin ba kwalta ce ke bin kogin ba. Burtali ne, da turbar 'yan acaɓa, da gefen gonaki. Tsakanin Wudil da Ringim ko tsuntsu sai ya ci wajen kilomita 50, balle kai da za ka bi lanƙwasar ruwa. Ƙasar kuma kala uku ce: mai tauri, da rairayi, da lakar fadama. Kowane keke akwai inda yake sarki a cikinsu, akwai inda yake jin kunya.

A ƙasa mai tauri baƙin keke ba shi da abokin gasa. Tayarsa inci 28 ce, idan ta ɗauki gudu ba ta son tsayawa, kana zaune a miƙe kamar mai hawan doki, bayanka ba ya ƙagewa. Mai giya, da tayarsa inci 26 mai ƙuraje, sai ka ji yana gurnani a ƙasa yana cin ƙarfinka, ga sunkuyo da ke sa wuya da tafin hannu ciwo bayan awa biyu.

To amma jira ka shiga rairayi. Jihar Jigawa ba a banza ta ci sunanta ba. Tayar Phoenix siririya ce, faɗinta inci ɗaya da rabi, tana yanka yashi kamar wuƙa ta nutse, kan keken ya riƙa karkacewa, giya kuma ɗaya ce tal. Ƙarshenta ka sauka ka tura abin da ya kai kilo 20, ban da kayan da ke baya. A nan mai giya ke rama abin da aka yi masa. Faɗin tayarsa ya kai inci 2, ka rage mata iska kaɗan ta baje, ka sauko da sarƙa kan ƙaramin faranti na gaba da babba na baya, ka mayar da nauyinka baya, sai ka ga kana ratsa wurin da mai Phoenix ke tafiyar ƙasa yana share gumi. Na taɓa wuce wani dattijo a irin wannan wuri, ya bi ni da kallo ya ce, "Yaro, kai naka ai raƙumi ne."

Laka kuwa ba ta bar kowa ba. Tana cushewa tsakanin tayar baƙin keke da ƙarfen da ke rufe ta har wilin ya ƙi juyawa, sai ka nemi tsinke kana ƙwaƙula. Birkinsa na sanda ne, yana kama wili na ƙarfe, da ya jiƙe sai dai ka ja ƙafa. Mai giya ba ya cushewa haka, sai dai laka da yashi suna shiga sarƙa da 'yan ƙananan wilolin da ke sauya giya, su riƙa cin su a hankali.

Duk wannan ba shi ne ya yanke mini hukunci ba. Gyara ne.

Wata rana da kaka, an gama yankan dawa, wani guntun kara ya shige mini cikin ƙarfen giyar baya. Kafin in taka birki ya murɗe shi ya cusa cikin wili. Na tura keken zuwa ƙauye mafi kusa, mai faci ya duƙa ya dube shi, ya juya feda baya sau biyu, ya miƙe ya ce sai dai birni. Ba laifinsa ba ne. A akwatinsa akwai boris, da robar birki, da feda, da tub mai lamba 28, kusan duk abin da baƙin keke zai nema, domin shi mutanensa ke hawa tun zamanin da ake haɗa keken Raleigh a Bompai ta Kano. Abin da ya iya yi mini shi ne ya cire ƙarfen gaba ɗaya, ya rage tsawon sarƙa, ya mayar da keken mai giya ɗaya. Da haka na lallaɓa gida. Ƙari a kan haka, idan bodin Phoenix ya tsage, duk mai walda zai ɗinke maka shi. Da yawa daga cikin 'yan Kwatano alminiyam ne, waldar bakin kasuwa ba ta kama shi.

Abu ɗaya da mai giya ya fi a wannan fanni: bakin tub ɗinsa yawanci irin na babur da mota ne, kowane mai faci na babur zai ba ka iska. Na baƙin keke sai famfon hannu. Ƙayar tsidau da ta aduwa kuwa ba su san Phoenix ba, ba su san mai giya ba, duk wanda ka hau sai ka yi faci.

Sai batun kaya. Malamin ƙauye ba ya komawa makaranta hannu rabbana. Akwai garin tuwo, akwai galan na manja, wata rana har da ɗan buhun shinkafa, a dawowa kuma ga albasa da kifi. Kariyar baƙin keke an yi ta ne don wannan, ga jak mai ƙafa biyu da zai tsaya maka cak kana ɗaure kaya. Mai giya sau da yawa ba ya zuwa da kariya, wadda ake ɗaura masa kuma ba ta da ƙwari. Sai dai idan an zo fito, ɗaga mai giya a saka a kwalekwale ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Da a ce yawon buɗe ido za ka yi sau ɗaya da rani, daga kai sai 'yar jaka, da na ce ka ɗauki mai giya, ka zaɓi mai bodin ƙarfe, marar sifirin a tsakiya. Amma kai zirga-zirga za ka yi duk mako da kaya, nesa da masu sayar da kayan gyara. Sayi Phoenix. Ka sa makaniki ya sauya maka faranti na baya da wanda ya fi yawan haƙora, feda za ta yi laushi, rairayin ma zai rage maka wahala. Ka sa a ɗaure wayoyin wili da kyau tun ranar farko, don na sabon keke sukan zo sako-sako.

Ko wanne ka saya, daga Agusta zuwa Satumba ka haƙura da bakin kogi ka bi mota, ka dai tuna abin da ambaliyar 2022 ta yi wa Ringim. Da rani ma kada ka amince da mashigin da ka tsallaka makon jiya. Ruwan nan daga madatsun Tiga da Challawa yake zuwa, idan an sako shi kogi yakan ƙaru ba tare da ko ɗigon ruwan sama ba. Ka tambayi masunta kafin ka tsoma taya, ka kuma fita bayan sallar asuba da famfo, da faci, da sholisho, da goran ruwa biyu.