Yawunde ga mai aiki ta intanet: abin da za ka auna kafin ka ɗaure kaya

Wanda aikinsa ke cikin kwamfuta, albashinsa kuma ke zuwa daga wata ƙasa, yana iya zama duk inda ya ga dama, in dai akwai wuta da intanet. Wannan "in dai" ɗin shi ne dukan zancen a Afirka ta tsakiya. Mutane kan fara da tambayar kuɗin haya, alhali haya ce abu na uku. Na farko shi ne da wane kuɗi ake biyan ka, na biyu kuma nawa za ka kashe don kada aiki ya tsaya ranar da aka ɗauke wuta.

Mu fara da garuruwan, don a rage su.

Njamena ita ce ta fi kusa da zuciyar Bahaushe. Ga masallatai ko'ina, ga abinci irin na gida, ga Kusiri, garin Kamaru, a tsallaken kogi. Amma tsadarta ba ta wasa ba ce. A jerin da kamfanin Mercer ya fitar a 2024 na biranen da suka fi tsada ga baƙi ma'aikata, Njamena ce ta 21 a duniya, Bangi, babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, ta 14, Legas da Abuja kuwa su ne a can ƙarshen jerin. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: Chadi ba ta da teku, yawancin kayan da ke kantunanta daga tashar jirgin ruwan Duwala ake jawo su a mota, tafiyar kusan kilomita 1,800. Ga zafin watan Afrilu da ke wuce digiri 40, wanda ke mayar da na'urar sanyaya ɗaki dole, a garin da wutar gwamnati ba abin dogaro ba ce. Kuma kada a manta Chadi ta taɓa rufe shafukan sada zumunta daga Maris 2018 har Yuli 2019. Abin da ke gefenta shi ne rana mai ƙarfi ga mai sola, da kuma izinin da gwamnatinta ta ba Starlink, kamfanin intanet ta tauraron ɗan'adam, a ƙarshen 2024. In kana da iyali ko harka a can, wannan wani lissafi ne. In zaɓi kawai kake yi, ban ga dalilin ɗora wa kai wannan nauyi ba.

Libreville ta fi tsari, amma Gabon na shigo da yawancin abincinta daga waje, har da ayaba da tumatir da albasar da ke zuwa daga Kamaru. Me zai sa ka bi tumatir zuwa inda ya yi tsada, ga inda ake noma shi?

Saura Yawunde, babban birnin Kamaru, da kishiyarta Duwala. Duwala ce cibiyar kasuwanci, jirage sun fi sauka can, amma zafi ne mai ɗanɗano da gumi, ga ruwan sama kamar da bakin ƙwarya. Yawunde tana kan tuddai, kimanin mita 750 sama da teku, shi ya sa fanka ke isar mutum yawancin shekara. Ga mai zaman gida gaban kwamfuta awa takwas, wannan kaɗai ya rage masa babban kaso na kuɗin wuta. Agogonta ɗaya da na Najeriya da Nijar, ɗaya da na Faransa a lokacin sanyinsu, ɗaya da na Ingila a lokacin zafinsu. Ba sai ka kwana a farke don taron aiki ba.

Yanzu batun kuɗi, wanda shi ne ke raba mai riba da mai asara. Sefar Kamaru a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya sefa 655.957, ba ta motsi. In da yuro ake biyan ka, kasafinka na Janairu shi ne na Disamba ta fuskar canji. In da dala ne, za ka riƙa hawa da sauka yadda dala ke yi da yuro, abin da ba ya kai ga karya mutum. In kuwa da naira ake biyan ka, tsaya ka yi tunani sosai. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, abin da sefa dubu ɗaya ke ci na naira ya ninka ko fiye. Albashin da ke riƙe gida a Kaduna zai iya ƙarewa a haya da abinci kawai a Yawunde. Shawarata a nan ba ta da kwana-kwana: mai albashin naira ya zauna gida, sai dai ya je ziyara.

Ɗan'uwa na Nijar, kai ma akwai naka. Sefarka ta yammacin Afirka darajarta ɗaya da ta tsakiya, amma takardun daban ne, mai shago a kasuwar Mokolo ta Yawunde ba zai karɓi taka ba. Sai an canza, kuma mai canji yana cire nasa. Babban bankin ƙasashe shida masu wannan sefar, BEAC, hedikwatarsa a Yawunden take, kuma tun 2019 ya tsaurara dokar fitar da kuɗi waje, har sai ka nuna takardar dalili. Shigo da kuɗi ya fi fitar da shi sauƙi. Don haka kada ka kwaso dukan ajiyarka ka zuba a bankin gida. Ka riƙa turo abin da za ka ci a wata. Cinikin yau da kullum kuwa a waya ake yin sa, da MTN MoMo ko Orange Money, kuma tun Janairun 2022 gwamnati na cire harajin kashi 0.2 cikin ɗari a kan turawa da cirewa, ban da ladan kamfanin.

Takardu: Kamaru ba ta cikin ECOWAS, kada katin ƙungiyar ya ruɗe ka. Mai fasfon Najeriya na shiga ba biza na kwana 90 saboda tsohuwar yarjejeniyar ƙasashen biyu, ɗan Chadi ma yana shiga ba biza, mai fasfon Nijar ko Gana kuwa sai da biza, wadda tun 2023 ta intanet ake neman ta. Kowa sai da katin rigakafin shawara. Wanda zai wuce wata uku yana buƙatar katin zama, kuma wanda ya zauna fiye da rabin shekara ya nemi akanta ya tambaye shi matsayinsa wajen haraji tun kafin a zo neman sa.

Sai gida. Kalmar farko da ke tuntuɓe da baƙo ita ce studio. A Kamaru ba ɗaki ɗaya ba ne, ciki da falo ne da kicin da banɗaki. Ɗaki ɗaya mai banɗaki a ciki chambre moderne suke ce masa. A unguwannin masu matsakaicin ƙarfi ana samun studio mai kyau tsakanin sefa dubu 50 da dubu 100 a wata, a Bastos kuwa, unguwar jakadu, gida kan fara daga dubu ɗaruruwa ya haura miliyan. Don ka gane ma'aunin, mafi ƙarancin albashi a kamfanoni masu zaman kansu da ba na noma ba sefa 60,000 ne tun 2023. Mai gida zai nemi kuɗin watanni da dama a dunƙule, da kuɗin ajiya, dillali ma yana da nasa.

Bastos tana da tsaro da hanyoyi da wuraren shan shayi masu wayfai, amma kana biyan kuɗin suna ne. In ba dole sai baƙin ofis sun riƙa zuwa gidanka ba, Omnisport da Essos da Nlongkak suna ba ka kusanci da tsakiyar gari a kan kuɗin da bai kai nata ba ko kusa. Biyem-Assi ta dace da wanda bai iya Faransanci ba, don masu Ingilishi da Fijin sun yi yawa a can. Odza da Mendong suna da sababbin gine-gine da arha, sai dai cunkoson safe da yamma zai ci maka lokaci, ko da yake mai aiki a gida ba kullum yake fita ba.

Briqueterie fa? Ita ce zangon Yawunde, nan Hausawa da Fulani suka yi kaka-gida shekaru aru-aru. Ga babban masallaci, ga teloli da masu yadi, ga kilishi da tsire da dare, tsiren da can soya suke ce masa, kuma za ka yi ciniki da Hausa daga safe har dare ba wanda zai kalle ka. Ina son unguwar, amma ba zan ce ka kafa ofis a cikinta ba. Gidajen a matse suke, hayaniya ba ta yankewa, kuma wanda ke taron murya da mutanen Turai ba ya son ƙarar injin niƙa a bayansa. Abin da ya fi shi ne ka zauna a Tsinga, maƙwabciyarta, inda katafaren masallacin nan da Saudiyya ta gina yake. Sallah da nama da hira suna kusa, shirun aiki ma ya samu.

Duk unguwar da ka zaɓa, kada ka sa hannu a takarda sai ka yi abu uku a cikin ɗakin da za ka zauna, ba a bakin titi ba. Ka gwada layin MTN da na Orange a wayarka, da rana da kuma wajen ƙarfe takwas na dare lokacin da kowa ya hau. Garin tuddai ne, gida biyu a layi ɗaya, na kan tudu yana da sabis, na cikin kwari babu. Ka tambayi mai kanti na kusa, ba dillali ba, sau nawa aka ɗauke wuta a makon da ya wuce. Mai firjin lemo ba ya ɓoye wannan. Sannan ka tabbatar mitar wutar taka ce kai kaɗai, ta kati, domin mitar haɗaka ita ce uwar rigima da maƙwabta. Ka leƙa kuma ko akwai tankin ruwa ko rijiyar burtsatse.

Wutar Kamaru yawancinta daga madatsun ruwa take, musamman na kogin Sanaga: Edea da Song Loulou, da sabuwar Nachtigal mai megawat 420, wadda ba ta da nisa da Yawunde kuma ta kammala a 2025. Wannan ya ƙara wuta, amma tsofaffin wayoyi da taransifoma suna nan, kuma da rani, daga Disamba zuwa wajen Maris, ruwa kan ja baya a shiga rabon wuta. Délestage, wato rabon wuta, ita ce kalmar Faransancin da za ka fara haddacewa ba tare da ka yi niyya ba.

To me za ka saya, janareta ko batir ko sola? Ga lissafin. Laftof da na'urar wayfai tare ba su cika wuce wat 75 ba, wato awa takwas na aiki wat 600 na awa guda ke nan. Batir ɗaya mai bolt 12 da amfiya 100 yana ɗauke da kusan wat 1,200 na awa guda, don haka batirin litiyom ɗaya da ƙaramin inbata sun isa su kai ka yamma har da ƙwan fitila. Janareta kuwa, ko ƙarami ne, zai sha kamar lita uku a awa biyar. Litar fetur ta koma sefa 840 a Fabrairun 2024. In rabon wuta ya yi tsanani ka kunna shi kullum a ranakun aiki 22, ka haura sefa dubu 55 a wata, kusan albashin wani ke nan, ban da ƙara da hayaƙi da fushin maƙwabta. Sola kuma ba ta ba da abin da take bayarwa a Kano ko Damagaram, saboda Yawunde damina biyu gare ta kuma gajimare ba ya nisa. Batirin da ake caji da wutar gari shi ne zaɓina, a haɗa da na'urar daidaita wuta, don dawowar wuta da ƙarfi ta fi ɗaukewarta ɓarna.

Intanet ma zaɓi biyu ne na gaske. Akwai wayar fayiba ta Camtel, kamfanin gwamnati da ke riƙe da babban layin ƙasar, in ta iso layinku. Akwai kuma data ta 4G daga MTN ko Orange. Mai rubutu ko fassara ko lissafi, data ta ishe shi. Mai taron bidiyo kullum, wanda kan ci kusan giga ɗaya a awa, ko mai tura manyan fayil, ya nemi gidan da fayiba ta riga ta shiga, kada ya yarda da "za a jawo". Ko da fayibar, ka riƙe layi biyu na kamfanoni daban. Sai dai ka sani wani lokaci duka kan faɗi tare, kamar ranar 14 ga Maris 2024 da wayoyin ƙarƙashin teku suka yanke a gaɓar yammacin Afirka, ƙasashe da dama suka shiga duhu har da Kamaru. Kada kuma ka ɗauko Starlink daga Najeriya a jaka: a 2024 kwastan na Kamaru sun ba da umarnin ƙwace na'urorin saboda rashin lasisi, don haka ka tabbatar da matsayin doka kafin ka kashe kuɗinka. Akwai kuma tarihin da ya kamata a sani, wato rufe intanet na wata uku a yankunan masu Ingilishi a 2017. Bai shafi Yawunde ba, amma ya nuna makunnin yana hannun wa.

Sauran kuɗaɗen ƙanana ne. Tasi mai ruwan ɗorawa ta haɗaka ce, kana faɗin inda za ka da abin da za ka biya, direba ya yi hon in ya yarda. Farashin hukuma sefa 350 da rana, 400 da dare. Tukunyar gas mai kilo 12.5 sefa 6,500 ce a farashin gwamnati. Ayaba da rogo da doya da fiya da abarba suna da arha a kasuwar Mfoundi da Mokolo, naman shanu na gangarowa daga Adamawar Kamaru, amma duk abin da ke cikin gwangwani ko kwali a babban kanti da farashin Turai yake zuwa. Gero da dawa ma sun fi tsada a nan, don daga arewa ake kawo su, mai son tuwo da fura kullum ya sa wannan a lissafi.

In ka auna duka ka ga za ka gwada, kada ka fara da hayar shekara. Ka kama gida mai kayan ɗaki na wata ɗaya, ka sa zuwan naka ya faɗo a Fabrairu, lokacin da wuta ta fi wahala. Ka yi aikinka na yau da kullum a ciki, ka riƙa rubuta awa nawa ka rasa a kowane mako da nawa ka kashe a data. Da wannan takardar za ka je wajen dillali.