Hajiya, ki saya masa ƙamus, ki bar zancen manhajar nan

Wa alaikumus salam Hajiya. Kin tambaye ni abin da ya fi dacewa ki saya wa yaron da ke shirin jarrabawar Turanci ta WAEC. Tsakanin biyan kuɗin manhajar da ke sauya jimlolin Turanci a waya da sayen ƙamus, don sashen taƙaitawa na WAEC, ni ƙamus zan ce ki saya wa yaron. Duka biyun na gwada su, ɗaya ne kawai ban yi da-na-sani ba.

Karon farko da na zauna WAEC, D7 na kwaso a Turanci, kuma na san inda na faɗi. A takarda ta biyu insha'i na da maki 50, fahimtar karatu 20, taƙaitawa 30, duk cikin awa 2. Wannan 30 ɗin na zubar. Za a ba ka rubutu mai tsawo, a ce ka fito da dalilai ko illoli a jimla shida, kusan maki 5 ke nan kowace jimla. Ni kuwa sai in nemo layin da amsar take, in kwashe shi ɗungurungum in sauke a takardata, ina murna na gano. Ashe a wajen masu duba takarda wannan kwafe ne, kuma sifili ake ba shi. Wanda ya rubuta guntun zance maimakon cikakkiyar jimla ana zaftare masa maki, haka wanda ya cusa abin da ba a tambaye shi ba.

Da zan sake zama, kawuna ya ɗauko tsohon ƙamusinsa na Oxford, irin na masu koyo, bangon ya rabu har an ɗaure shi da salatif, ya ce in riƙe amana. Ya kafa mini doka guda: in karanta sakin layi, in duba kalmomin da suka shige mini duhu, sannan in kife takardar in faɗa masa da Hausa abin da marubucin yake nufi, a numfashi ɗaya. In na fara kawo misalai sai ya ɗaga hannu ya ce, "Wannan ganye ne, ina itacen?" Sai ya gamsu da Hausar tukuna zai bar ni in mayar da ita jimlar Turanci. Bayan sallar isha'i muke yi, a zaure, da fitilar caji, sauro na cin ƙafafunmu. Wata uku muka yi a haka. Na fita da C4, kuma har yau ƙamusin na nan a kan teburina, ban mayar ba, shi ma bai tambaya ba.

Abin da ya sa irin wannan ƙamus ya dace da aikin shi ne yadda aka gina shi. A. S. Hornby, wanda ya fara haɗa shi, malamin Turanci ne da ya koyar a Japan, don haka tun asali an yi shi ne saboda wanda Turanci ba harshen gidansu ba ne. Ana bayyana ma'anar kalma mai wuya da kalmomi masu sauƙi, kusan 3,000 da aka keɓe, na ƙamusin Longman ma kusan 2,000 ne. To ai sauya zance da kalmominka ke nan. Duk ma'anar da yaro ya karanta, darasi ya ɗauka na yadda ake faɗin abu mai nauyi da ƙaramar kalma. Ga kuma jimlolin misali da ke nuna wace kalma ke tafiya da wace, don kada ya rubuta "strong rain" a inda Bature zai ce "heavy rain". Ƙamusin Turanci zuwa Hausa na da ranarsa, amma ba ya yin wannan aikin.

Manhajar kuwa, na biya wa ƙanwata ta wata guda. Ba zan ce ba ta aiki ba, tana sauya kalmomi tsaf, amma jimlar da ka zuba mata da ganyenta za ta dawo maka da ita, kuma yarinyar ta koyi latsawa ne kawai. Na san za ki ce ai ƙamusin ma ba a shiga da shi ɗakin jarrabawa. Haka ne, sai dai abin da aka sha wahalar nema a shafi yana bin mutum ciki, wayar kuwa a bakin ƙofa ake raba shi da ita.

Ki haɗa masa da littafin tambayoyin shekarun baya, ya riƙa sa agogo, minti 40 ga kowace taƙaitawa, don lokacin da ake ba da shawarar a kashe mata ke nan. WAEC da kanta tana saka rahoton manyan masu duba takardu a shafinta na intanet kyauta, inda suke faɗin kurakuran da ɗalibai suka tafka kowace shekara. Ya karanta na shekara biyu ko uku, zai ga kansa a ciki. Kuma duk wannan atisayen zai yi masa amfani a NECO.

Ba ki tambaya ba, amma ki yi hattara wajen sayen. Jabun ƙamus ya cika kasuwa, kuma da rantsuwa za a miƙa miki shi a kuɗin na asali. Kada ki yarda da wanda aka naɗe a leda aka ce ba a buɗewa. Ki sa a buɗe a gabanki, ki duba tsakiya: na jabu rubutunsa dishi-dishi ne, tawada na fitowa ta bayan shafi, wani lokaci a tsallake shafuka goma sha a maimaita wasu. Ki bi haruffan daga A har Z ki tabbatar babu wanda ya ɓace. Littattafan tambayoyin baya ma wasu amsoshin da ke bayansu kwafe ne tsagwaronsa daga rubutun, wato abin da ake ba wa sifili, don haka a nuna wa malaminsa kafin ya haddace. Masu turo saƙo a WhatsApp cewa suna da amsar jarrabawa tun daren jajibiri kuwa, ki toshe lambar kawai.

In sabon ya yi tsada, tsohon bugu na hannu ya wadatar, muddin shafukansa sun cika. Nawa ma ya girme ni.