Sharhi kan ƙwayar saiti mai ƙyalli da na ɗora wa bindigata

Bindigar tawa mai baki ɗaya ce, lamba 12 a ma'aunin faɗin baki, irin wadda manoma ke harbin zabin daji da ita, kuma ina riƙe da ita ne da lasisin 'yan sanda kamar yadda dokar makamai ta 1959 ta tanada. Ta yi shekaru a kulle cikin akwatin ƙarfe, sai da masu garkuwa da mutane suka fara matsowa unguwannin bayan garin Kaduna sannan na ciro ta, na kuma tarar idona ba ya iya kama 'yar ƙwayar tagullar da ke bakinta da zarar rana ta faɗi. Wannan ya sa na sayi wani ɗan siririn jan zaren roba da ake maƙalawa a wurin, wanda ke tattara haske ya zama kamar garwashi.

Na gwada shi a gonarmu da ke hanyar Kachia, inda na kafa kwali a gaban wani tudun ƙasa bayan na tabbatar babu makiyayi ko dabba a bayansa. Abin da kwalin ya nuna mini ya rushe zancen da muke ji a majalisa, wai irin wannan bindiga ba ta buƙatar saiti domin harsashinta watsuwa yake yi. Daga mita 5, ƙwayoyin dalmar duka sun taru a wurin da tafin hannuna zai rufe, daga mita 10 kuwa ba su wuce faɗin faifai ba. Tsakar gidana ba ta kai wannan tsawon ba, saboda haka wanda bai auna ba zai iya kuskurewa sarai, kuma abin da ya kuskure bango ko ƙofar wani zai samu.

A nan na ga aibin zaren na farko. Da yake ya fi tsohuwar ƙwayar tudu, harbin ya riƙa sauka ƙasa da inda na auna da kusan yatsu uku, ga shi bayan harbi na shida ya zame gefe saboda zabura, sai da na sake ɗaure shi. Dole in faɗi gaskiya, wani laifin nawa ne: bindigar ba ta da saiti na baya, ido ne ke tsaya mata, kuma duk sanda na ɗaga kumatuna daga gindinta sai harbin ya haura sama.

Tsakanin la'asar sakaliya da magariba abin ya burge ni ƙwarai, domin jan ɗigon yana fitowa fes ba tare da na runtse ido ba. Amma daren da aka ɗauke wuta na duba shi a zaure, bayan na tabbatar babu harsashi a ciki, sai na ga duhu kawai. Zaren ba ya yin haske da kansa, aron na waje yake yi, mai shagon kuwa bai ce mini komai a kan haka ba. Ko da ma ya haskaka, bakin bindigata zai nuna mini, ba fuskar wanda ke taɓa ƙofa ba, alhali ƙanena kan dawo daga tashar Rigasa ne bayan kowa ya kwanta.

Na bar shi a kan bindigar saboda farautar yamma. Don tsaron gida kuwa, tocila mai ƙarfi da fitilar sola da na kafa a bakin ƙofa sun fi shi yi mini aiki nesa ba kusa ba.