Na je hoton mama a wata cibiya a Kano, ga yadda na same su

Shekara biyu ke nan da rasuwar Yayarmu, Allah Ya jiƙanta da rahama. Ciwon dajin mama ne ajalinta. Ta ji ƙullin tun yana kamar ƙwayar gyaɗa, kunya ta sa ta ja bakinta ta yi shiru, aka yi ta shafe-shafe da jiƙe-jiƙe, sai da wurin ya fashe ya fara ruwa sannan muka kwashe ta zuwa asibitin koyarwa na Shika a Zariya. A can ne likita ya dube mu, mu ƙannenta, ya ce tunda abin ya taɓa 'yar uwarmu ta ciki ɗaya, kada mu jira sai mun ji wani abu kafin mu je a duba mu. Shekaruna 46, amma sai bana na iya ɗaga ƙafa.

Abu biyu ne suka riƙe ni. Na farko, wa zai ɗauki hoton maman, wato mamogiram, mace ko namiji? Na biyu, maganar da ake yi a gidajen biki cewa injin yana matse mama har shi da kansa ya jawo ciwon. A watan Oktoba, watan da ake ta faɗakarwa a rediyo kan wannan cuta, na buga waya wata cibiyar ɗaukar hoto mai zaman kanta a cikin gari. Tambayata ta farko ita ce ta macen. Aka ce mace ce, kuma babu namijin da ke shiga ɗakin. Baban yara ya ce to, Asabar zai kai ni.

Wadda ta amsa wayar ta faɗa mini kuɗi da lokaci, amma ba ta ce komai ba game da shiri. Ni kuwa na yi wanka na shafa mai, na zuba hoda, na goga turaren hammata da humra kamar kullum. Da na shiga sai ma'aikaciyar ta miƙo mini tsumma mai ɗan danshi ta ce, "Hajiya, ki yi haƙuri ki goge duka, har ƙarƙashin hammata. Hoda da turaren nan suna fitowa a hoto kamar ɗige-ɗigen fari, irin waɗanda muke nema." Wannan bayani a waya ya kamata a yi shi. Haka ma zancen cewa an fi so a zo kamar mako guda bayan al'ada, lokacin da mama ba ya tsami, daga bakinta na fara ji.

Mun yi zaman jira fiye da awa ɗaya saboda wuta ta ɗauke sai da aka tada janareta. Ɗakin jiran dai fes yake, akwai ruwan sha, akwai wurin alwala.

Yarinyar da ta ɗauki hoton ita ce ta wanke musu laifi a wurina. Ba za ta wuce sa'ar 'yata ta fari ba. Ta rufe ƙofa da sakata a gabana, ta ba ni riga mai buɗewa ta gaba, ta tambaye ni ko ina da juna biyu, ko ina shayarwa, ko an taɓa yi mini aiki a wurin, ko akwai mai ciwon a dangi. Da na ambaci Yaya sai ta ajiye biro ta ce, "Allah Ya gafarta mata, Ya sa ta huta." Ban san hawaye na kusa ba sai da na ji su a kumatuna.

Injin mamogiram ɗin ya fi ni tsayi. A tsaye ake yi. Ta ɗora maman dama a kan wani faranti mai sanyi, wani na roba mai haske ya sauko a hankali ya danne shi. Ba zan ce babu zafi ba, akwai, kamar an danne miki yatsa da murfin akwati ba a saki ba. Amma kafin na gama salati ta ce, "Riƙe numfashi, Hajiya," injin ya yi 'yar ƙara, farantin ya ɗaga da kansa. Sau huɗu aka yi haka, kowane ɓangare sau biyu, ɗaya daga sama, ɗaya a karkace har ya kamo gefen hammata. Na karkacen ya fi ciwo. Kafin kowace dannawa sai ta faɗa mini, kuma ta ce in na ji ya yi yawa in yi magana. Na tambaye ta dalilin matsewar, ta ce ana baje naman ne don kada wani abu ya ɓuya a bayan wani, kuma da haka hasken X-ray da ake buƙata ke raguwa. Hasken kansa kaɗan ne ƙwarai, matsewar kuma ba ta haifar da daji. Daga cire mayafi zuwa mayar da shi, minti ashirin.

Inda suka ɓata mini rai shi ne wajen sakamako. Ranar Juma'a da yamma aka miƙo mini ambulan a kantar karɓar sakamako, takardar duk Turancin likitoci, a ƙasa an rubuta BI-RADS 0, wai in dawo a ƙara dubawa. Na ce me ke nan? Yaron kantar ya ce likita ya tashi, sai Litinin. Ni malamar makaranta ce, ina karanta Turanci, amma ban gane komai ba sai kalmar dawowa. Kwana uku ban runtsa ba. Da na rufe ido sai in ga Yaya a kan gadon asibiti. Matar da ta binne 'yar uwarta da wannan ciwo ba a sallamarta da takarda haka, ko minti biyu ne a samu mai yi mata bayani.

Ran Litinin wata likita ta yi mini sikanin, irin wanda ake shafa mai a goga kamar na masu ciki. Ta juyo da allon gabana ta nuna mini wani baƙin da'ira a maman hagu, ta ce 'yar jakar ruwa ce, ba daji ba. Alhamdu lillahi. Sannan ta zauna ta warware mini lambobin. Sifili na nufin hoton bai wadatar ba, ana son ƙari. 1 babu komai, 2 akwai abu amma ba mai cutarwa ba, 3 a sake dubawa bayan wata shida, 4 da 5 sai an ɗebi ɗan nama an gwada. Ta ce naman mamana mai kauri ne, shi kuwa fari yake fitowa a hoto, ƙulli ma fari, shi ya sa ake haɗawa da sikanin. Kuma mafi yawan matan da ake cewa su dawo, lafiyarsu ƙalau ake samu. Nawa ya koma 2. Na faɗa mata a fili cewa da an gaya mini wannan ran Juma'a da na yi barci. Ta karɓi maganar, ta ba ni haƙuri, ta ce za ta kai ta gaba.

Kuɗin kam da nauyi, ga na sikanin daban da ba a ambata mini tun farko ba. Na tuna matan unguwarmu masu sayar da ƙosai da awara, waɗanda ko kuɗin mota zuwa wurin sai sun yi lissafi. Duk wadda ta ji ana gwaji kyauta ko da rangwame a watan Oktoba, kamar yadda gidauniyoyin yaƙi da daji irin su Medicaid suke shiryawa, kada ta bari ya wuce ta.

Zan koma wurinsu? Zan koma, saboda yarinyar nan da likitar, amma ba zan ƙara karɓar sakamako ba sai ranar da likita ke zaune. Sun ba ni hotunan a faifai, suka ce in adana don a gwada da na gaba, na sa shi cikin akwatin takardun makarantar yara. Ƙanwata mai shekara 42 ta yaye ɗanta tun bara, na riga na karɓar mata lokaci ranar Talata da safe, ni zan raka ta, kuma na ja mata kunne kada ta shafa komai.